Wasiƙa zuwa ga Habibu, kan littafin da yake shirin rubutawa

Assalamu alaikum, Malam Habibu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya sanyin Leeds? Mu nan Kano hunturu ya shigo, ƙura ta rufe gari, amma na san in na yi maka kukan sanyi dariya kawai za ka yi mini.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana son ka rage zuwa kemis ka zauna ka rubuta labarin gano mai kisa da Hausa, irin mai sanyin nan na mutanen Ingila: ƙaramin ƙauye, an tsinci gawa, ba jini ba harbe-harbe, wata tsohuwa ta warware komai tana kurɓar shayi. Wallahi na yi murna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewar da ka yi ka zaɓe shi don ya fi sauƙi. Mutumina, mai karatu ne ke shan sauƙin. Marubucin kuwa gumi yake yi.

Tunda Agatha Christie, marubuciyar nan ta Ingila da ta shahara a irin wannan labari, ce ta ja ra'ayinka, bari mu dubi yadda ta yi nata aikin. Ka san abokiyar sana'arka ce? A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi jinyar sojoji a Torquay, garin da aka haife ta a 1890, daga baya aka mai da ta ɗakin haɗa magani, har ta ci jarrabawar aikin a 1917. A can ta san guba: wadda ke kashewa nan take, wadda ke ɗaukar kwanaki, wadda ɗacinta ke ɓuya a cikin kofi. Shi ya sa guba ta fi bindiga yawa a littattafanta, abin da ta sani ta rubuta. Akwai wani littafinta na 1961 da ta bayyana alamomin gubar taliyam dalla-dalla, har da zubewar gashi. Bayan rasuwarta aka kawo wata jaririya daga Katar wani asibiti a Landan, likitoci suka rasa gane ciwon, sai wata ma'aikaciyar jinya da ke karanta littafin ta ce a gwada taliyam. Ita ce kuwa, yarinyar ta rayu. To kai da ka shekara da shekaru a bayan kanta, jarinka na hannunka.

Littafinta na farko ta rubuta shi a 1916, masu ɗab'i suka yi ta dawo mata da shi, bai fito ba sai 1920. Kamfanin da ya karɓa ma sai da ya sa ta sake babin ƙarshe. Ita a kotu ta so a tona asiri, suka ce bai yi ba, ta mai da shi falo, inda mai bincike ke tara kowa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan zaman falon da aka san ta da shi daga gyaran edita ya samo asali. Kuɗi fa? Kusan fam 25 ta samu. Kuma don ɗoki ta sa hannu a yarjejeniyar da ta ɗaure ta da ƙarin littattafai 5 a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a 1926 ta koma kamfanin Collins, bayan ta sami wakili mai kula mata da ciniki. Kar ka ajiye aikin kemis tukuna, don Allah. Kasuwar littafin Hausa ta takarda ka san yadda ta koma, yawancin masu karatu yanzu a waya suke, kuma da zarar ka sayar wa mutum ɗaya, gobe ka gan shi yana yawo a WhatsApp kyauta.

Ainihin wahalar ita ce ana fara wannan rubutu ne daga ƙarshe. Sai ka san wa ya yi kisan, da me, don me, a wane lokaci, wa ya gan shi bai gane abin da ya gani ba. Labari biyu kake saƙawa: abin da ya faru, da abin da kake son mai karatu ya zaci ya faru. Kuma ba a yarda ka cuce shi ba. A 1929 wani limamin coci mai suna Ronald Knox ya zayyana ƙa'idoji 10 na wannan fanni. Daga ciki: dole mai laifin ya bayyana tun farkon labari, ba a kawo gubar da kimiyya ba ta sani ba, kuma duk shaidar da mai bincike ya gani sai an nuna wa mai karatu ita. Gwaninta ita ce ka ajiye masa ita a gaban idonsa, ya tsallake ta, a shafin ƙarshe ya dafe kai ya ce, ashe! An sami littattafan ajiyar bayanai na Christie sama da 70, cike da soke-soke, sunan mai kisa ana sauya shi, jerin cefanen gida a gefen shirin kisa. Ita da kanta ta ce tana wanke kwanuka take tsara labari.

Ɗaya daga ƙa'idojin Knox za ta ba ka aiki a wurinmu: ba aljani, ba tsafi. Mai karatunmu ya saba idan labari ya cije sai a ga boka ya shigo. Kana iya barin mutanen gidan su yi ta cewa sammu ne, har a ɗauko mai ruƙiyya, hakan ma zai taimaka maka wajen kawar da hankali. Amma amsar ƙarshe dole ta zama mutum ne, da hannu, da dalili.

Ga kuma matsalar da Baturiya ba ta taɓa fuskanta ba. A ƙauyenta in mutum ya mutu likita zai duba gawa, a yi zaman bincike, a kira shaidu. Mu kuwa in an rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, kowa ya ce kwana ya ƙare. Wanda ya ta da zancen a tone kabari sai an ce ba shi da tawakkali. Da farko za ka ga kamar hakan ya rushe maka labari, ni kuwa gani nake nan ne ƙarfinka yake. Babu gawa, saura baki. Kuma dubi yadda al'ada ta tara maka mutane wuri guda: zaman makoki, sadakar uku, ta bakwai, ta arba'in, matan mamaci cikin takaba wata huɗu da kwana goma a gida ɗaya, ga rabon gado na tafe. Turawa sai sun ƙirƙiro dusar ƙanƙara ko tsibiri kafin su kulle mutanensu.

Mai binciken kuma kar ka ba ni ɗan sanda. Tsohuwa mai binciken da Christie ta ƙirƙira, Miss Marple, wadda littafin farko a kanta ya fito a 1930, ƙarfinta shi ne ba wanda ke ɗaukarta a bakin komai. Ka nemi wadda ke shiga kowane gida ba a tambaye ta me ya kawo ta ba. Ni dillaliya zan ɗauka. Ita ta san wacce ta sayar da sarƙarta a ɓoye, wacce ta sayi sabon leshi alhali miji na kwance. Amma kar ka tsufar da ita da yawa. Christie ta fara Poirot, wani mai binciken da ta ƙirƙira, yana ɗan sandan Beljiyam mai ritaya, ba ta san zai bi ta sama da shekara 50 ba. Ta gaji da shi, masu karatu suka ƙi sakinsa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta rubuta labarin mutuwarsa ta kulle a banki, bai fito ba sai 1975, ita kuma ta rasu a farkon 1976.

Littattafan bincike 66 ta bari, kusan kowace shekara sai sabo ya fito, har masu sayarwa suka saba da jiransa dab da Kirsimeti. Mai karanta irin wannan labari yana gama ɗaya zai nemi na gaba, da mutanen da ya saba da su. Ko da ta bi mijinta Max Mallowan tonon kayan tarihi a Nimrud ta Iraƙi, tana goge sassaƙen hauren giwa da man fuskarta, sai da aka gina mata ɗan ɗaki don rubutu. Teburi mai ƙarfi da tafireta kawai take nema. Maganar da ka yi ta sai ka gyara ɗakin sama ka sayi sabuwar kwamfuta, ka bar ta haka nan.

Kar ka turo mini babi na ɗaya. Turo shafi guda: wa ya mutu, wa ya kashe shi, yaya, da mutum biyar na gidan da ƙaryar da kowannensu ke ɓoyewa. In na gane mai kisan daga jerin sunayen, zan faɗa maka ba kunya.

Hajiya ta ce a gaya maka kukar da daddawar suna nan, mai zuwa kawai ake jira. Ka gaida Maman Ilham da yara.

Naka,
Bala