Tsohuwar kwamfutarka ba ta mutu ba, a mayar da ita saba

Assalamu alaikum Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan tsofaffin kwamfutocin nan da mutane ke turawa ƙarƙashin gado wai sun gama aiki. Tun da Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025 mutane da yawa suka ɗauka shikenan, tunda Windows 11 yana neman TPM 2.0 (wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta) da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, na baya-bayan nan, kuma tsofaffin da yawa ba su da su. To amma fa Windows ne ya juya mata baya, ita kwamfutar lafiyarta ƙalau, kuma abin yana damuna sosai in na tuna cewa a 2022 kaɗai duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki.

Saba ba wani abin tsoro ba ne, kwamfuta ce kawai da ake bari a kunne tana yi wa sauran na'urorin gida hidima. Ka kwashe fayilolinka tukuna, ka goge Windows ɗin, ka sa Debian ko Ubuntu Server (nau'o'in Linux ne, tsarin da ke maye gurbin Windows) daga filashi, duk kyauta ne, kuma in ka sa su ba tare da kwalliyar allo ba (tagogi da gumakan da ake dannawa), ko RAM ɗinka, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, gigabait 4 ne zai ja. Sai ka haɗa ta da rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) ta wayar kebul, ya fi Wi-Fi tabbas nesa ba kusa ba.

Inda na fi ganin amfaninta shi ne hotuna. Google gigabait 15 yake ba ka kyauta, kuma a ciki Gmail da Drive da Photos duk suke rabawa, kafin ka ankara ya cika an fara ce maka ka biya duk wata, ko ka zauna kana goge hotunan yaranka ɗaya bayan ɗaya kana jin zafi a rai. In ka sa Nextcloud, wata manhajar ajiyar fayiloli, a tsohuwar kwamfutar nan, wayarka da ta maiɗakinka za su riƙa tura hotuna can da kansu da zarar kun shigo gida, kuma kayanku na hannunku ba a rumbun wani kamfani ba. Akwai kuma wasu manhajojin da za ka iya sa mata: Samba na raba fayiloli, Jellyfin na kunna bidiyo a talabijin, Pi-hole kuma yana tare tallace-tallace da yawa a duk na'urorin gidan lokaci guda.

Ni dai shawarata a yi da laftof in akwai. Wadda ke cin wat 10 in ta kwana ta wuni a kunne wata guda kilowat-awa 7 da ɗoriya za ta sha, babbar ta tebur mai cin wat 60 kuwa ta haura 43, ka ga bambanci ai. Ga batirinta zai riƙe ta in wuta ta ɗauke na ɗan lokaci. Sai dai a duba batirin, in ya kumbura a cire shi nan take don yana iya kamawa da wuta, sannan a saita ta kar ta yi barci in an rufe murfi.

Abin da nake roƙo kar a yi wasa da shi, tsohon faifan ajiya yana iya mutuwa rana ɗaya ba sallama, don haka duk abin da ba za ka iya jure rasawa ba ka ajiye kwafinsa a wani faifan daban, in son samu ne ma ba a gidan ba. Kuma kar ka buɗe mata ƙofa a rauta kowa a intanet ya iya taɓa ta, in kana son shiga daga waje ka bi ta WireGuard ko Tailscale, manhajojin da ke ba ka ɓoyayyiyar hanya mai tsaro zuwa gare ta.

Edita, ina roƙon ku ware shafi ku koyar da wannan mataki-mataki da Hausa, ku fara da yadda ake sa Linux a filashi don a nan yawancin mutane ke tsayawa.

Naku,
Mai karatunku a kullum