Wa ya kamata a yi wa wa'azin tawali'u?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in faɗi wani abu da ya tsaya mini a rai tun watan jiya.

Na je wani ofishi a nan Katsina ina bin takardun fanshona. Muna zaune a benci a baranda sai ga wani dattijo, gemu fari fat, da ganin ƙurar ƙafarsa ka san sammako ya yi daga ƙauye. Takardarsa na cikin leda, ya naɗe ta ya riƙe gam. Da aka ce ya shiga, sai ya tuɓe takalmansa na roba a bakin ƙofa, ya je gaban tebur ya durƙusa, alhali ga kujera nan ba kowa a kanta. Wanda ke bayan teburin yaro ne da bai wuce sa'ar autansa ba.

"Ranka ya daɗe, a kan maganar gonar nan ce."

Yaron bai ɗago kai daga wayarsa ba. Ya ce, "Baba, oga ba ya nan, ka dawo wani satin."

"To, ranka ya daɗe. Allah ya ƙara girma."

Ya fito yana laluben takalmi da ƙafa. Mutumin da ke kusa da ni ya girgiza kai ya ce, "Kai, wannan tsoho akwai tawali'u!"

Malam Edita, wannan kalmar ce ta hana ni sakat. Abin da na gani a idon dattijon nan tsoro ne. Ya san in ya zauna a kujerar nan, ko ya tambayi yaushe ogan zai dawo, takardarsa na iya yin ɓatan dabo. Tawali'u kuwa sai mutum yana da ikon ɗaga kai sannan ya zaɓi sunkuyar da shi don Allah. Wanda aka danne wa kai ba shi da wannan zaɓin, ƙasƙanci aka ɗora masa. Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa a firamare, ni ma na sha horar da yara su rusuna wa na gaba, kuma har gobe ina ganin ladabi ado ne. Abin da ke damuna shi ne wa'azin namu duk ƙasa yake gangarawa. Talaka ake ce wa ya yi haƙuri, ya san matsayinsa, kada ya yi jayayya da manya. Wanda ke bayan tebur fa, wa yake yi masa nasa?

Magabatanmu sun yi masa. Shehu Magili, wanda ya ratso Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarakuna, kuma akwai maganar da ya riƙa maimaitawa a ƙarshen babi-babi: tushen dukkan bala'i shi ne mai mulki ya ɓuya wa talakawansa. Ka duba inda malamin nan ya sa yatsa. Kafin a kai ga ƙwace gona ko ɗaure mutum ba laifi, da rufe ƙofa ake farawa. Mai mulkin da ba a iya kaiwa gare shi sai ta hannun fadawa, abin da fadawa suka ga dama shi zai ji, har ya wayi gari yana zaton kirarin da ake yi masa shi ne halin da ƙasa ke ciki. A ganina tawali'un mai mulki a nan yake: a iya ganinsa, a iya gaya masa abin da ba ya son ji, mai faɗar kuma ya kwana a gidansa lafiya.

Bayan shekara ɗari uku da wani abu, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya dawo kan maganar a littafinsa Kitabul Farƙi, inda ya jera ɗabi'un mulkin da ya yaƙa tun daga 1804. Ya ambaci jangali da kuɗin gari, da gaisuwar da sai an miƙa ta ake samun shiga wajen mai iko, da rufe ƙofa a fuskar mabuƙata. A cikin jerin har da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki, abin da ake kira hurwa. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɗaukar hankalina, domin ba ya cin ko anini daga aljihun talaka, amma Shehu ya sa shi layi ɗaya da ƙwace. Na fahimci dalili ranar da na ga dattijon nan. Wanda ya saba zuba ƙasa a ka, ranar da aka karɓe masa saniya godiya zai yi. Yau ba mai zuba ƙasa, amma durƙuson gaban tebur jikan hurwa ne.

Alƙur'ani ya ba mu labarin Fir'auna cewa ya raba mutanen ƙasarsa ƙungiya-ƙungiya yana raunana wani sashe, kuma ya raina hankalin mutanensa sai suka bi shi. Ashe azzalumi ba ya iya aikinsa shi kaɗai. Sai ya samu matakala, kowa na taka na ƙasa da shi, kowa kuma na jin daɗin cewa akwai wanda ya fi. Ko labarin kafuwarmu a Daura da wannan ya buɗe. Kamar yadda labarin ya zo, macijin rijiyar Kusugu ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari guda ya zauna a kan haka har Bayajidda ya zo. Tun muna yara ake ba mu labarin don jarumtar baƙon. Yanzu da na tsufa, mutanen garin nake tunani: yadda kwana shida na ƙishirwa ya zame musu al'ada, har suna ganin ranar bakwai alfarma ce.

Iyayenmu da suka shiga jam'iyyar NEPU bayan kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta 1950 wannan al'adar suka yi wa tawaye. Malam Aminu Kano ya koya wa talaka cewa tsayawa da ƙafafunsa a gaban hakimi ya faɗi gaskiya ba rashin kunya ba ne, kuma da yawa sun sha bulala da ɗauri a hannun En'e, wato hukumar sarakuna ta lokacin, saboda haka. Sai a 1979, lokacin Katsina tana cikin tsohuwar jihar Kaduna, gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali. Wato abin da Shehu ya yi kuka da shi ya ƙara fiye da shekara 170 a wuyan makiyayi da manomi. Haka zalunci yake da naci idan ya samu masu kiransa al'ada.

Ba zan ɗora laifin duka a kan masu mulki ba, domin mu ma muna da namu kason. Har yau a garin nan akwai gidan da za a hana yaro aure, ga ilimi ga hali ga sana'a, don kawai kakansa mahauci ne ko wanzami, a ce ba shi da asali. Mai hanawar kuma shi ne zai zauna a majalisa da yamma yana zagin manya sun raina talaka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane, bai ce sai mai rawani ko mai jiniya ba. Yaron nan na ofis ma ɗan talaka ne, na tabbata shi ma durƙusawa yake wa ogansa, abin da ya sha a sama shi ya juye wa dattijo.

Kada kuma a ce abin ba ya yiwuwa a wannan zamani. Marigayi Umaru Musa 'Yar'adua ɗan gidan Matawallen Katsina ne, amma da ƙuruciyarsa jam'iyyar talakawa ta PRP ya bi. Da ya hau mulkin ƙasa a 2007 ya amsa a bainar jama'a cewa zaɓen da ya kawo shi yana da kurakurai, ya kuma bayyana kadarorinsa kowa ya gani. Ana iya sukar mulkinsa ta wasu fuskoki, amma waɗannan biyun su ne irin tawali'un da nake nufi, wanda ke ba talaka sandar da zai auna shugaba da ita. Sa farar riga mara aiki da sassauta murya a gaban kyamara abu ne mai sauƙi, kowa zai iya.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ku riƙa aika wakilanku ofisoshi da kotuna da asibitoci, su zauna a benci tare da jama'a, su rubuto mana sau nawa mutum ke dawowa kafin a sa masa hannu a takarda. Malamanmu masu hawa mumbari kuma, idan an zo babin tawali'u, a juyo da fuska wajen sahun gaba.

Na koma ofishin bayan mako biyu, na tarar da dattijon a baranda da ledarsa. Na matsa masa ya zauna kusa da ni, na ce, "Baba, in an kira ka mu shiga tare, ka zauna a kujera." Ya dube ni ya ce, "Malam, bari dai a sa mini hannu tukuna."

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Ƙofar Marusa, Katsina.