Daga jinina ɗana ya ɗauko lalurar: in faɗa wa ƙanwata kafin aurenta?

Assalamu alaikum Anti, barka da ƙoƙari.

Ɗana na fari shekararsa 5. Tun yana goye na lura ba ya tafiya daidai da sa'anninsa. Bai taka ƙafa ba sai da ya kusa shekara 2, har yau kuma kalmomin bakinsa ba su kai 20 ba. In aka yi ƙara sai ya toshe kunne, ya ciji bayan hannunsa, wurin har ya yi kanta. In na kira shi zai yi murmushi, amma ba ya yarda mu haɗa ido. Kowa cewa yake nauyin baki ne, in ƙara haƙuri.

Watan jiya gwajin jini ya nuna yana da Fragile X. Likita ya ce akwai wata ƙwayar gado, FMR1, a jikin kromosom ɗin X (ɗaya daga cikin zarurrukan da ke ɗauke da ƙwayoyin gado a jikin mutum), da ke samar da sinadarin da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Wani yankinta yana maimaita kansa, in maimaicin ya haura 200 sai ta daina aiki. Da aka gwada ni, nawa ya faɗa tsakanin 55 da 200, wato ina ɗauke da ita, ba ta dai bayyana a jikina ba. Namiji kuwa daga uwa yake samun X ɗinsa. Ya ce ba a warkar da ita, sai dai koyar da magana da horo na musamman suna taimakawa ƙwarai, mun ma fara.

Anti, yana cikin bayani hawaye suka zubo min, don yayanmu na tuna. Doguwar fuskarsa, manyan kunnuwansa, yadda yake kaɗa hannuwa in ya ji daɗi, duk ga su a jikin ɗana. Mun taso yara suna kiransa gaɓo. Umma kuwa sama da shekara 30 tana zargin kanta, wai faɗuwar da ya yi daga kan gado yana jariri ce ta taɓa masa kai.

Ga abin da ya hana ni barci: saura wata 2 auren ƙanwata. Likita ya ce in har Umma ce tushen abin, yiwuwar ƙanwata ma tana ɗauke da shi rabi ce, kuma wasu matan da ke ɗauke da shi al'adarsu kan ɗauke tun kafin shekara 40. Maigidana ya ce in kama bakina, kada in zama sanadin fasa auren. Ni kuma in na yi shiru, ta zo ta haifi irin nawa, da wane ido zan dube ta?

Don Allah ki ba ni shawara. In kira ta ita kaɗai in ce ta je a gwada ta, ko in fara da Umma? In sakamakon ya nuna tana da shi, wajibi ne mijin da za ta aura ya sani kafin a ɗaura? Umma kuma, wadda zan cire wa zargin faɗuwar nan in ɗora mata na jini, ta ina zan soma?

Taki mai sauraro kullum,
Maman yaro