Wasiƙa daga wani ƙauye a jihar Vermont

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A wasiƙarka ka tambaye ni ko ƙaramin garin da nake zaune a cikinsa a nan Amurka na 'yan jam'iyyar Rifablikan ne ko na 'yan Dimokurat, kuma da gangan na jinkirta amsa har sai da na halarci taron gari na bana.

Ita dai jihar Vermont a da gidan Rifablikan ce, domin daga 1856 har zuwa 1988 sau ɗaya tak, a 1964, ta zaɓi ɗan Dimokurat a takarar shugaban ƙasar Amurka, kuma a 1936 ita da jihar Maine ne kaɗai suka juya wa Shugaba Roosevelt, ɗan Dimokurat, baya. Daga 1992 akalar ta karkata ga Dimokurat, amma mutanen da suke tura Bernie Sanders, ɗan siyasa mai zaman kansa da yake ƙawance da Dimokurat, majalisar dattawa su ne kuma suke ta sake zaɓen Phil Scott, ɗan Rifablikan, wanda yake kujerar gwamna tun 2017. Nan arewa maso gabas, inda nake, iskar ta bambanta da ta sauran jihar, domin gundumar Essex Trump ta zaɓa a 2016 da 2020 da 2024. Maƙwabcina, dattijo mai kiwon shanun madara, allon Trump ya kafa a bakin gonarsa, malamar makarantar da gidanta yake kallon nasa kuwa ta kafa na abokan hamayya.

Duk wannan na lokacin babban zaɓe ne. Mulkin garin kansa a ranar Talatar farko ta watan Maris ake yanke shi, lokacin da duk wanda ya yi rajistar zaɓe yake da ikon shiga zauren taro ya yi magana, ya kawo gyara, ya jefa ƙuri'a a kan kasafin kuɗin shekara. Babu shugaban ƙaramar hukuma a nan. Akwai kwamitin zaɓaɓɓu na mutum uku ko biyar, da magatakardar gari, da wanda ake zaɓa ya jagoranci taron, kuma a garinmu babu wanda ya tsaya takara da sunan jam'iyya. Makonni kafin ranar ake manna jerin batutuwan da za a tattauna, kowa kuma ya sami littafin rahoton shekara da ke nuna inda kowace dala ta shiga.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne maganar sayen sabuwar motar kwashe ƙanƙara. Mafi yawan hanyoyin garin babu kwalta, ga shi tun ambaliyar watan Yulin 2023 mutanen jihar ba sa wasa da zancen kwalbati da magudanar ruwa. Wani matashi da bai daɗe da tarewa a garin ba ya nemi a sayi sabuwa a huta. Sai dattijon nan ya miƙe, takalmansa duk taɓo, ya buɗe littafin rahoton, ya ce tsohuwar za ta ƙara shekara biyu idan aka yi mata gyara, kuma harajin gidaje da filaye da za a ƙara daga aljihunsa zai fita. Wadda ta fara mara masa baya, Malam Sani, ita ce malamar nan mai allon hamayya, har ta ƙara da lissafin da shi bai kawo ba. Da aka kasa tantance rinjaye da murya, mutum bakwai suka nemi a yi ƙuri'ar takarda kamar yadda dokar jihar ta tanada, aka bi layi, masu son gyara suka yi nasara.

A ganina, rabuwar da ta fi tasiri a wannan zaure tana tsakanin waɗanda kakanninsu suke kwance a maƙabartar garin da baƙin da suka zo daga birane. Kada kuma ka ɗauka tsarin ba shi da aibi. Kujeru da yawa babu kowa a kansu, domin mai aikin albashi a wani gari da wuya ya sadaukar da yininsa, don haka tsofaffi suka fi yawa, kuma wasu garuruwan sun koma jefa ƙuri'a a akwati ba tare da muhawara ba. Akwai ma muƙamin da aka daɗe ana neman mai so kafin wata baiwar Allah ta ɗaga hannu, da alama don kunya.

Ni da ba ɗan ƙasa ba, a benci na baya na zauna ina kallo, ba ni da ƙuri'a. Na ajiye maka littafin rahoton, zan aiko da shi idan na sami mai zuwa. Ka gaishe mini da Baba da sauran mutanen gida.

Wassalam,
Naka,
Habibu