Amsa ga ɗana da ya tambayi inda na samo kuɗin gidan haya

Assalamu alaikum.

Na kira ka ɗana domin ba ka girmi ɗan farina ba, kuma domin ni da mahaifiyarka mun yi zaman layi ɗaya a babbar kasuwar Maradi tun ba a yaye ka ba. Albarkacinta ne ya sa zan ba ka amsa a rubuce, a bainar jama'a kamar yadda ka yi tambayar, maimakon in aika a kira mini kai gida.

Ga waɗanda ba su ji farkon zancen ba: an gayyace ni filin mata na rediyo, na ce matar da ta kwashi adashi ta fara tunanin ɗakin haya kafin ta yi tunanin sarƙar zinariya. Kashegari ka hau Facebook ka ce in fito in faɗa wa duniya da kuɗin wa na fara, tun da kowa ya san marigayi mijina ɗan kasuwa ne. Ka ce kuma in faɗa ko koya wa mata tatsar talaka shi ne taimakon da zan yi musu. Ka ƙara da cewa ban yi lakwal, wato makarantar boko, mai zurfi ba, kuma haya ba ta kai saye da sayarwa riba ba.

Maganar lakwal gaskiya ce, ban taɓa ɓoye ta ba, kuma ba ta hana ni lissafi ba. Maganar riba ma ban musa ba, zan zo kanta. Abin da ya hana ni barci shi ne ka tono mutumin da ke kabari don ka nuna cewa mace ba ta iya aza bulo bisa bulo sai da aljihun namiji. Kuma ka san yadda mutanen garin nan ke fassara irin wannan tambaya idan an yi wa mace ita. Ba a tsayawa a kan miji. Ka san haka sarai lokacin da kake rubutawa.

To, saurara. Lokacin da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, an raba gado a gaban liman da ƴan'uwansa. Mata suna da tumuni idan akwai ƴaƴa, kuma tumunin nan mu biyu muka raba da abokiyar zamana. Limamin yana raye, ita ma tana raye, ƙannen marigayi suna nan. Je ka tambaye su ko abin da ya zo hannuna zai sayi fili ko da a bayan gari. Filina na farko ma na saye shi yana da rai, shi ne ya raka ni muka gani. Kuɗin sun fito daga man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da nake yi a tsakar gida, daga jajayen awakin nan namu na Maradi da nake kiwo, da ragunan da nake turkewa kafin Layya. Daga baya na shiga sarin atamfa a Kantin Kwari a Kano, ina bi ta Dan Isa da Jibiya da Katsina. Sauran kuma adashi ne, kwasa bayan kwasa. Matan da muka yi zubi da su ba su ƙare ba, wasu mahaifiyarka ta san ƙofar gidajensu.

Tun da ka sa na buɗe baki, bari matan da suka karanta tambayarka suka karaya su ji yadda ake farawa, domin su ne abin ya fi shafa.

Ba a farawa da gini, da takarda ake farawa. Takardar ciniki da aka rubuta a gaban mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, amma ba ta isa ba. Sai an je meri, wato ofishin magajin gari, an duba lambar filin a cikin lotisma, wato taswirar yankan filaye, an tabbatar sunan da ke kan takardar da suke bayarwa, wadda ake ce wa akt-da-sesiyo, shi ne sunan mai sayarwa, sannan a juya ta zuwa sunan mai saye. Wadda ta samu hali daga baya ta nemi titir fonsiye, takardar mallakar fili ta gwamnati, domin ita ce ta fi ƙarfi a gaban shari'a. Kuma ina jaddada wa mata: ki sa sunanki. Kunya takan sa mace ta ce a rubuta sunan miji ko na yayanta, ran da aka yi mutuwa sai filin ya faɗa cikin gado, ta koma tana kuka tana neman shaida a kan abin da guminta ya saya. Na ga wannan a gidajen da ba zan ambata ba.

Sai duban wuri. Fili da rani duk ɗaya ne, rairayi ne a shimfiɗe. A je a gan shi a watan Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, a ga inda ruwan ya bi da inda ya kwanta. Mu mutanen Maradi bai kamata a koya mana wannan ba. A 1945 ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari har aka tayar da shi zuwa kan tudu, kuma daminar 2024 ba ta yi nisan da za a manta gidajen ƙasa da suka rufta kan mutane ba. Wadda ba ta da kuɗin bulo duka, aƙalla tushe ya zama na siminti kuma ya tashi sama da hanya. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a ƙarshen 2024 bayan waccan ambaliya, ya ɗan sauƙaƙa, amma ƙarfe da kwano da ladan magini suna nan inda suke.

Ni katanga na fara yi, sannan masai da wurin wanka, sannan ɗaki guda. Masu gina ɗakuna shida su bar masai ɗaya mara ƙofa su ne ke jawo mana zagi. Kuɗin hayar ɗakin farko ban taɓa su ba, su na riƙa tarawa ina haɗawa da adashi har aka aza na biyu. Wuta da ruwa kuwa, idan ba a iya sa wa kowane ɗaki kontarsa, wato mitarsa, ba, to a zauna tun ranar shiga a yanke yadda za a raba takardar kamfanin wuta na NIGELEC da ta famfo, domin rigimar gidan haya daga nan take tashi fiye da daga kuɗin wata. Yarjejeniya kuma a rubuta ta, ko da wanda zai shiga ɗan ƙanwarki ne.

Yanzu ribar da ka ce ba ta kai kasuwanci ba. Ba ta kai ba. A ce ɗaki da rabonsa na fili da katanga ya ci miliyan 2 na sefa, a ce ana ba da shi jika 15, wato sefa dubu 15, a wata. Shekara ta ba da jika 180, uwar kuɗi ba za ta dawo ba sai an haura shekara 11, kuma wannan kafin a cire watannin da ɗaki ke zama babu kowa, da yashe masai, da gyaran rufi bayan iska, da haraji. Wadda ke juya miliyan 2 a atamfa za ta fi samun haka idan hanya a buɗe take. Amma kai ma ɗan garin nan ne. Ka ga abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyaka a Agusta 2019 har ƙarshen 2020. Ka ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yuli 2023, iyaka a rufe, wutar da ke zuwa daga can an yanke. Mata da yawa sun cinye jarinsu a zaune a waɗannan watanni. Ɗaki bai ƙare ba. Abin da na faɗa a rediyo ke nan, ban yi wa kowa alkawarin arziki ba.

Sai tatsar talaka. Wannan kalma ta yi nauyi, ɗana, kuma ka jefa ta ba ka taɓa taka tsakar gidajena ba. Su wa ke ciki? Ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da suka zo daga Damagaram da Tawa da Diffa, malaman makaranta da ma'aikatan likita da aka turo aiki garin da ba su da kowa, sabon ango da gidan ubansa ya cika. Tun da aka kafa jami'ar nan a 2010, ina kake so yaran nan su kwana idan babu wanda ya gina? Haya halal ce, malamai ba su yi saɓani a kai ba, kuma ana fitar da zakka daga abin da aka tara idan ya kai nisabi ya shekara. Abin da Allah ya ɗora mana shi ne wanda ke cikin ƙunci a jira shi har ya samu, yana nan a Suratul Baƙara, aya ta 280. Lokacin takunkumi akwai waɗanda suka yi watanni ba su kawo ko dala ba. Ban fitar da kayan kowa waje ba, ban cire wa kowa ƙofa ba, wasu na yafe, wasu suka biya a hankali da hanya ta buɗe. Ba ni zan ba da wannan shaida ba. Mai unguwa yana nan, ƴan hayar suna nan, ka je ba tare da ni ba.

Akwai masu gidajen da ke zalunci, ban ce babu ba: mai neman kuɗin wata shida a dunƙule daga hannun wanda albashinsa na wata ne, mai ƙara kuɗi duk shekara alhali rufi na yoyo. Idan su kake nufi, ka kira abin da suke yi da sunansa, zan tsaya tare da kai. Amma ba su ka tambaya ba, ni ka tambaya, kuma ina ganin na san dalili. A hirar nan na ce wa mata kada su ba ɗan kamasho ko dala sai sun ga takarda a meri da idonsu. Sana'arka ke nan. Kowa ya san kana cikin masu tallar filaye a bakin gari da zancen jirgin ƙasa, tun da aka aza harsashin layin Kano zuwa Maradi a Fabrairu 2021. Ban ce ka taɓa cutar kowa ba, ba ni da shaidar haka, kuma ba zan yi maka abin da ka yi mini ba. Sai dai zafin rubutunka ya fi kama da na wanda aka taɓa wa abinci fiye da na mai tausayin ɗan haya. Mai tausayin ɗan haya da ya fara da kuɗin wata guda da dillali ke karɓa a hannunsa don kawai ya nuna masa ƙofa.

Kuma in ana neman abin da ke tsadar da haya a garin nan, a bar matar da ta gina ɗaki biyu da kuɗin akuya. A dubi filayen da masu hali suka saye da yawa suka kewaye suka bari, ba gini ba noma, suna jiran su yi tsada. A dubi fili ɗaya da ake sayar wa mutum biyu, har uku, a bar su suna safa da marwa a kotu shekara da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda na sani da abin ya faɗa wa mata ne da ƴan ci-rani da suka aiko kuɗi daga nesa. A dubi unguwannin da ake yankawa a sayar babu magudanar ruwa, babu famfo, sai mai gini ya sayi ruwan kwaɓa siminti a kura. Duk wannan yana komawa kan kuɗin ɗaki, kuma ɗan haya ne ke biya. Ku da kuke cikin harkar kun fi ni sanin hannayen da ke ciki, amma ban taɓa ganin ɗayanku ya hau Facebook ya tambaye su ba.

Abu biyu nake nema a wurinka. Ka goge abin da ka rubuta a kan marigayi, domin ƴaƴansa suna karantawa, jikokinsa ma sun fara riƙe waya. Sannan idan da gaske lissafi kake so, littattafan da nake rubuta shigar kuɗi da fitarsu suna nan, da takardun filayen da sunana a kai. Ka zo ranar Juma'a bayan la'asar, ka taho da wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ka kuma taho da takardun filayen da kake talla mu duba su tare. Ka gaida mini mahaifiyarka.

Wassalam.