Stuart Pearce da tsofaffin 'yan wasanmu na Garwa

Malam Edita,

Ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci a kan Stuart Pearce, ɗan ƙwallon Ingila wanda mu mutanen Kamaru ba za mu manta da shi ba, domin shi ne ya bugo ƙwallon da David Platt ya sa wa kai a wasan da suka fitar da mu da ci 3-2 a Gasar Kofin Duniya ta 1990. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Duk da haka ina girmama shi. Aikin gyaran wutar lantarki yake yi yana bugawa ƙaramar ƙungiyar Wealdstone kafin Coventry ta ɗauke shi a 1983, sannan ya shafe shekara 12 a Nottingham Forest, ya buga wa ƙasarsa wasa 78. Da ya ajiye takalmi, ya horar da Manchester City da matasan Ingila 'yan ƙasa da shekara 21, daga baya ya koma sharhin wasanni a rediyon talkSPORT.

Ina kira ga gidajen rediyonmu na Garwa da Marwa su ma su riƙa gayyato tsofaffin 'yan wasan ƙungiyarmu ta Garwa, Coton Sport, su yi mana sharhi da Hausa da Fulatanci.

Naku,
Mai karatu daga Garwa, Kamaru