Zuwa ga ɗana da aka damƙa wa manyan motoci

Assalamu alaikum ɗana, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mamanka ta faɗa min an ɗauke ka daga ɓangaren lissafi an maida kai wurin tsara tafiyar motoci, wato yanzu kai ne mai cewa wace tirela za ta ɗau wane kaya, wa zai ja ta, kuma yaushe ake so ta isa. Allah ya sanya alheri, na yi murna wallahi. Amma tunda na ji nake so mu yi magana, kuma ka san in na kira ka a waya sai ka ce Baba ina mitin, shi ya sa na ce bari in rubuto ka karanta a nutse.

Ni dai na tsufa a bayan sitiyari, kuma abin da na gani shi ne yawancin hatsarin babbar mota ba a kan titi yake farawa ba, a teburin ofis yake farawa, irin wanda ka zauna a kai yanzu. In mota ta kife kowa direba yake zagi, wai ganganci, wai gudu, wai ya sha wani abu, toh amma ruwa ba ya tsami banza. Tafiyar awa 14 ce aka ce masa lallai ya kai a awa 10 don kwastoma na ta kira, an riƙe shi wurin lodi tun safe har yamma ba wanda ya lissafa wannan zaman a matsayin aiki, sannan kuɗinsa a kan yawan zuwa da dawowa ake biya, in bai yi gudu ba gidansa ne zai ji a jiki. Kaga wanda ya rubuta wannan lokacin shi ya taka totur, direba ƙafa kawai ya ara masa.

Ba raina ne kaɗai ke faɗin haka ba. A Ostireliya akwai doka da ta ɗora alhaki a kan duk wanda hannunsa ya taɓa tafiyar, mai kaya da mai lodi da mai tsara lokaci da mai kamfani, kuma a 2018 suka ƙara mata ƙarfi, in ka matsa wa direba ya karya doka kai ma kotu za ta neme ka. Ko babu irin wannan dokar inda kake aiki, ka ɗauka tana kanka.

Barci shi ne babba. Turawa ba don son direbobi suka zauna suka yanka awoyi ba, gawa suka ƙirga. A Tarayyar Turai direban babbar mota awa 9 yake tuƙi a rana, bayan kowace awa 4 da rabi dole ya huta minti 45, a sati ba zai wuce awa 56 ba, a sati biyu awa 90, kuma akwai na'ura a cikin motar da ke rubuta komai ba sai an tambaye shi ba. A Amurka awa 11 ne, bayan ya samu hutun awa 10 a jere, kuma tun ƙarshen 2017 suka tilasta na'urar lantarki maimakon littafin da direba ke cikewa da biro, don kowa ya san yadda ake cike wancan littafin. Masu bincike sun auna sun ga mutumin da ya yi awa 17 idonsa biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na wanda ya ɗan sha giya. Yanzu ka lissafa direban da ya tashi da asuba, ya yini a layin lodi, ka ce masa ya kama hanya ƙarfe 9 na dare.

Kuma gyangyaɗin tuƙi ba irin na kan kujera ba ne da za ka ji kanka na rangaji. Ido a buɗe yake, hannu na kan sitiyari, kawai sai ka farga ba ka tuna kilomita biyun da ka wuce ba, ko ka ji tayar gefe na cin tsakuwa. Mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 duk daƙiƙa ɗaya, daƙiƙa 3 kacal mita 75 kenan ba kowa a motar. Su ƙwayoyin hana barci da wasu ke haɗiya, da kofi, da buɗe gilashi iska ta buge ka, duk bashi ne ake ci, jiki zai karɓi abinsa kuma ba ya sallama kafin ya karɓa. In direba ya kira ka ya ce oga na gaji zan kwanta, ka ce masa Allah ya tashe mu lafiya, kar ka ja tsaki ko da wasa, don tsakin nan sauran direbobi za su ji labarinsa kuma daga ranar ba wanda zai sake gaya maka gaskiya. Wanda ka ji ana cewa minsharinsa ya yi yawa kuma kullum da rana yana hamma, a tura shi likita, akwai ciwon da numfashi ke ɗaukewa cikin barci, mutum ya kwana awa 8 ya tashi kamar bai runtsa ba.

Wani abu kuma da ku 'yan ofis kuke yi ba ku sani ba, kira. Ina kake yanzu, ka kai ina, kwastoma na jira. Mutum na jan tan 30 kana sa shi laluben waya a aljihu. Ai kuna da tiraka mai nuna inda mota take a kwamfuta, ka duba can mana, in magana ta zama dole ka tura saƙo ya gani in ya tsaya.

Sai birki. Hukumar da ke kula da manyan motoci a Amurka ta ce tirela cike da kaya, wajen tan 36, in tana gudun kilomita 105 a awa tana buƙatar kusan mita 160 kafin ta tsaya cak, ƙaramar mota kuwa wajen mita 100, kuma wannan a busasshen titi ne da birki mai lafiya. In gudu ya ninka, nisan tsayawa sau huɗu yake ƙaruwa ba sau biyu ba, shi ya sa a Turai ake sa wa manyan motocin kaya abin da ke kulle gudunsu a 90. In naku na da shi kar ka bari kowa ya cire, ko da direban da ka fi ji da shi ne ya roƙa. A gangara kuma sabon direba yakan ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, ƙarfe ya yi zafi, ka fara jin ƙauri, can sai ya taka ya ji ba komai, shi ne ake cewa birki ya tsinke alhali dafa shi aka yi. Tun kafin a fara sauka ake sa babbar giya, wato ta ƙasa mai rage gudu, a bar inji ya riƙe motar. Wanda kuma ke sakin giya a furi wai yana tsimin mai, wannan ko sau ɗaya ka kama shi ka karɓi makulli.

Kafin mota ta bar gareji a ba direba lokacinsa ya zagaya ta, kuma ya zama cikin awoyin aikinsa ne. Ya tsiyaye ruwan tankin iska, ya kashe inji ya saurara ko iska na zuba, ya auna tayoyi da geji tun suna sanyi ba ya buga musu ƙarfe ya ce lafiya lau ba, ya duba notocin taya ko akwai mai tsatsa a gefe alamar ya saki, ya ja kan motar kaɗan da birkin bodi a ɗaure don ya tabbata sun kama juna. Kowace taya akwai lamba huɗu a jikinta, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, ka koyi karantawa don kar a sayar maka da tsohuwa mai sabon zane. Amma duk wannan aikin banza ne in direba ya rubuto cewa birki na da matsala kai kuma ka ce ya lallaɓa ya je ya dawo tukuna. Kalmar lallaɓa ɗin nan ta cika maƙabarta. In bakanike ya ce mota ba za ta fita ba, toh ba za ta fita ba, ko manaja ne ya sauko da kansa.

Obalodi ba sai na ja ba, ka san yana cin birki da taya, yana kuma kashe titin da kowa ke bi, tun gwajin da aka yi a Amurka wajen 1960 aka gano in nauyin da ke kan ƙafar mota ya ninka, ɓarnar da take wa kwalta kusan sau 16 take ƙaruwa. Abin da aka fi mantawa shi ne yadda aka ɗora kayan. Mai nauyi a ƙasa, a raba shi daidai, a ɗaure da sarƙa ko bel mai kyau, a sake dubawa bayan an ɗan yi tafiya don kaya na zama igiya ta saki. Kwantena a murɗa makullanta huɗu duka, ba biyu ba. Tanka kuma wadda ba ta cika ba ta fi cikakkiya wuyar sha'ani, ruwan ciki na tafiya gaba da baya, a kwana ya kwanta gefe guda ya kifar da ita a gudun da ba za ka taɓa zato ba, don haka ba sabon hannu ake ba irin wannan ba.

Ka riƙa tunawa da waɗanda ba sa cikin motar. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur, kuma in tirela ta yi karo da ƙaramar mota yawanci ba direban tirelar ake ɗauka a makara ba. Daga saman kujerar nan akwai wuraren da mutum ba ya gani sam, dab da gaban mota, gefen da ba na direba ba, da bayan bodi, mai babur zai iya tsayawa a gindin ƙofa ba ka san da shi ba. A Landan tun 2021 babbar motar da ta wuce tan 12 ba ta shiga gari sai da izini da ke nuna direba na ganin gefensa, ko an sa mata kyamara da na'urar gargaɗi. Madubi, fitilar baya, tef mai ƙyalli a jikin bodi, ƙarfen da ke hana ƙaramar mota shigewa ƙarƙashi, ba su da tsada in ka gwada da abin da suke tarewa. In mota ta lalace a hanya da dare a jawo ta gefe, a sa alamar danja nesa sosai ba dab da bodi ba, kuma ka tura masu gyara a daren, kar ka ce sai gobe.

Na san za a matsa maka, mai kamfani na son riba, kwastoma na son kayansa jiya, kai kuma sabo ne kana so a ce ka iya. Ka koyi faɗa wa kwastoma ainihin ranar da kaya za su isa tun farko, zai yi fushi na rana ɗaya ya huce. Ka rubuta komai, wanda ya ce a fita da mota da lokacin da ya faɗa. In ka samu kunnen manya ka nuna musu a riƙa biyan direba har da awoyin jira, a kuma ba da lada ga wanda ya shekara bai goga ko madubi ba, maimakon wanda ya fi kowa saurin dawowa. Sannan don Allah ka ɗau jakarka ka bi ɗaya daga cikin direbobinka tafiya mai nisa ko sau ɗaya ne, ka zauna a layin lodi, ka kwana inda yake kwana, in ka dawo sai ka sake duba jadawalin da ka rubuta. Ka sa bel in ka shiga, shi ma ka sa shi ya sa.

Mamanka na gaishe ka, ta ce ka kira ta. Ka shafa min kan yara. In ka samu sarari ka turo min hoton jadawalin sati ɗaya in gani, idona bai mutu ba tukuna.

Naka,
Baba